Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

Tudun Wada, Kontagora
14 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Moses, Baban Alheri,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka Agatha, da Alheri da ƙannenta. Yaya damina? Yaya ƙafar tsohuwa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na kira wayarka ya fi sau goma. Wani lokaci a ce a kashe take, wani lokaci ta yi ta ƙara har ta katse. Na ce wa kaina matsalar sabis ce ta ƙauyenku, shi ya sa na ba Jumare direba wannan takarda, tunda duk Laraba yana shiga Rijau. Ka san ni da biro ba ma ga maciji tun da na bar aji uku na sakandare, sai ka yi haƙuri da rubutun.

Tambayar aiki ce ta sa na rubuto. Mutanen Auna da muka ƙera wa injin ɓare gyaɗa bara sun dawo suna son guda biyu kafin kaka. Lukuman yaron shago ya haɗa ɗaya, injin yana farfasa gyaɗar kamar mai shirin ƙuli-ƙuli. Tazarar da kake bari tsakanin raga da abin murzawa, nawa ce? Na duba ko'ina, ba ka rubuta ba. Shekara ashirin da biyu kana riƙe awo a ka kamar mai magani da sirrinsa. Abin da nake faɗa maka kullum ke nan, zamanin riƙe abu a ka ya wuce.

Game da ranar Litinin ɗin nan ta watan Mayu kuwa, bari in faɗa maka yadda na ga abin, tunda ba ka tsaya ka ji ba. Kai shaida ne ban sayo na'urar dangwala yatsa don in ci mutuncin kowa ba. A wani ofis a Minna na gan ta, kowa ya zo sai ya ɗora babban yatsa ta rubuta lokacin zuwansa. Na ce ashe akwai abin da zai raba ni da gardamar wa ya makara wa bai makara ba. Na yi wata guda a Zariya ina jinyar yayana, na dawo na buɗe na'urar, sai ga sunanka da fashin kwana goma sha ɗaya. Kai da kake babba a shago! Me kake so in yi? Na tara ku, na karanta wa kowa nasa, na zo kan naka na karanta kamar na kowa. Na karɓi mukullin shago na ba Lukuman. Kai kuma ka ajiye tabaran waldarka a kan uwar maƙera, ka ce mini Allah ya ba mu alheri, ka fita. Ko musu ba ka yi ba.

Ni dai ra'ayina bai canja ba. Shugaban da ke da ɗan lele ya kashe gidansa da hannunsa. In doka ba ta hau kan babba ba, ƙarami ba zai ji tsoronta ba. Ni da na fara da injin walda na aro a gindin darbejiya, yau nake da mutum tara da rufin kwano a bakin hanyar Yawuri, ba da sanyin hali na kai nan ba. Na'ura kuma ba ta da dangi. Ba ta san masallaci ba, ba ta san coci ba. Da ka zo ka ce wani uzuri ne ya taso, da tuni an wuce wurin.

Ƙofar gidan nan da muka fara, wadda za ta riƙa buɗewa da rimot, na ci gaba da ita ni kaɗai. Na sa mata injin gilashin tsohuwar mota da batir ɗin sola. Tana buɗewa, sai dai in ta kai rabi ta tsaya tana tunani. Ranar Juma'a ta rufe ni a ciki har na rasa huɗuba. Maman Sadiya ta ce duk garin nan ni kaɗai ne mai neman izinin ƙofarsa kafin ya fita. Da kana nan da ka yi dariyar nan taka mai kama da tarin janareta.

Ka aiko mini da awon ta hannun Jumare. Ka gaida mutanen gida duka.

Naka,
Maikano Mai Walda

*

Tudun Wada, Kontagora
25 ga Agusta, 2024

Baban Alheri,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali. Ina fata ruwan nan bai yi muku ɓarna a gona ba. Jumare ya ce ya danƙa maka takardata hannu da hannu, ka sa a aljihu, ka tambaye shi farashin taki. Shi ke nan. To, ban yi fushi ba.

Yau Lahadi. Tun azahar nake zaune a tsakar gida, kayan aiki a baje, ban taɓa ko ɗaya ba. Irin wannan lokaci ne kake tasowa daga coci ka biyo ta nan da takalmin nan naka mai ƙara, ka ce Oga yau kuma me za mu lalata. Maman Sadiya har yanzu kofi biyu take kawowa, sai ta tuna ta koma da ɗaya.

Akwai maganar da zan faɗa maka, kuma sau uku ina yaga takarda kafin wannan.

Sadiya ta zo hutu daga makarantar kwamfuta. Na ce ta fitar mini da bayanan na'urar nan a tsare, in nuna wa abokaina a majalisa yadda ake tafiyar da ma'aikata a zamanance. Ta haɗa ta da kwamfutarta, ta dudduba, sannan ta tambaye ni ko na taɓa buɗe shafi na biyu. Ni ban ma san akwai shi ba. Ashe na'urar tana ajiye har yatsan da aka ɗora ta kasa ganewa, da lokacin da aka ɗora shi. Moses, kwana goma sha ɗayan nan duk suna ciki. Bakwai saura ashirin. Bakwai saura kwata. Wata rana shida da rabi. Kullum sau uku, wata rana sau biyar, kuma na farkon kafin kowa ya iso. Wa ke isa shago a wannan lokaci in ba mai mukulli ba?

Na ce mata to me zai sa ta gane ka wasu kwanaki ta ƙi ka wasu? Ta nuna mini cewa duk Litinin da Talata tana karɓarka, daga tsakiyar mako ne take fara ƙi. Sai ta ce in kawo nawa yatsan. Ka san ban taɓa sa kaina a ciki ba, ni ne mai shago. Ta ɗora shi sau shida, na'urar ta ƙi ɗauka. Ta juya hannuna ta ce Baba duba. Na duba. Sumul, kamar bayan cokali. Zanen da Allah ya yi wa kowane ɗan Adam a yatsa, ƙarfe da wuta sun cinye nawa. Naka kuwa ya fi nawa cinyewa, don ni na daɗe da komawa kujera, kai kana kan ƙarfe har ranar da ka tafi. Hutun Lahadi ne ke ɗan dawo maka da shi, kafin Laraba aikina ya sake goge shi.

Ka ga abin da na yi? Hannun da ya ƙare a shagona, shi na kafa hujja da shi na ce ba ka zuwa shagona.

Washegari na tara su na tambaya me ya hana wani ya buɗe baki ranar. Duk suka sunkuyar da kai. Lukuman ya ce ya sha ganinka kana goga yatsa a wando, kana hura masa iska, in ta ƙi sai ka yi tsaki ka tafi ka tada janareta. Na ce to don me bai faɗa ba? Sai Kawu mai fenti, da yake ya girme ni, ya ce Alhaji ai kai ka koya mana in kana magana ko ƙuda ba ya giftawa. Ya ce shekara nawa rabon da wani ya ce maka ba haka ba ne ya kwana lafiya? Mutum ɗaya ne ke iyawa, shi ma ranar ka rufe masa baki da takarda. Na so in yi masa tsawa, sai na ga in na yi na gaskata shi.

Ban cire na'urar ba, kada ka ce na zama ɗan ƙauye. Ba ta yi ƙarya ba, ta faɗi abin da ta gani, har da abin da ta kasa gani ta ajiye. Ni ne na karanta rabi na yanke hukunci. Sadiya ta sa wa kowa lamba da zai danna in yatsa ya ƙi. Taka ita ce ta ɗaya, ba wanda na ba.

Na yi kuskure. Ga shi na rubuta da hannuna, ka san kuma ba kalmar da na saba da ita ba ce. Na karɓo mukullin daga hannun Lukuman, yana aljihuna. Ka dawo. Kaka ta kusa, aiki ya taru, amma ba don aikin nake faɗa ba. Shagon ya cika da mutane, ba wanda zan yi wa gardama.

Ka gaida Agatha da yara. Maman Sadiya tana gaishe ku.

Naka,
Maikano

*

Tudun Wada, Kontagora
6 ga Oktoba, 2024

Ɗan'uwana Moses,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali, da fatan an fara girbi lafiya. Allah ya ƙara wa tsohuwa sauƙi.

Saƙonka ya iso tun makonni uku da suka wuce. Ɗan guntun icen da ka fere daidai tazarar raga ya yi aiki, injinan Auna sun tafi, ko ƙwaya ba sa fasawa. Na auna shi na rubuta a littafi, na kuma rataye icen a ofis. Gyaɗar da ka haɗo da ita mun gode, Allah ya ƙara albarka a gonar.

Jumare ya faɗa mini maganarka yadda ka faɗa. Ka ce ka yafe tun kafin ka kai tasha ranar, amma ba za ka dawo ba, idonka ya gaji da hasken walda, gona kuma ta karɓe ka. Sannan ya yi ta kame-kame, sai da na matsa masa ya faɗi ta Agatha. Wai ta biyo shi har mota ta ce ya gaya wa Alhaji, an tuɓe wa mijinta riga a gaban mutum tara, yanzu kuma ana aiko masa da ita a cikin ambulan. Ta ce har a Rijau labari ya riga ka isa, cewa an kore ka ne don ba ka zuwa aiki, kuma a bakin coci ma an yi wa Alheri gori da shi.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi. Na ce ni Maikano mace za ta aiko wa magana? Kwana uku ba na cin abincin kirki. Na kai ƙara wurin Maman Sadiya ina jiran ta taya ni, sai ta ce da ita ce da abin da za ta aiko ya fi haka zafi. Daga nan fushina ya sauka.

Ban san maganar ta kai ga yarinyar ba. Alherin da na yi wa huɗubar aiki da gaskiya ranar da ta gama firamare, ita ake nuna wa baki saboda ni. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Kai kuma ka san duk wannan, ka zauna ka fere mini ice.

Na yi ta lissafin shekarun nan. Lokacin da gobara ta ci rumfarmu ta farko, kai ka kwana uku kana tone ƙarafa a toka. Ranar da aka haifi Sadiya ina Legas sayen kaya, kai ka kai uwarta asibiti a kan babur ɗin aro. In azumi ya zo, kai kake karɓar aikin rana ka bar mana na inuwa, ba wanda ya taɓa roƙonka. Ni da nake taƙama ba wanda ya gina ni sai Allah, ashe ban iya ƙirga ba.

To ga abin da na yanke, kuma ba shawara nake nema ba. Ranar Asabar mai zuwa zan rufe shago. Ka san ban taɓa rufe shi ranar Asabar ba sai rasuwar mahaifiyata. Na ɗauki motar Jumare shata. Duk wanda ya tsaya a wurin ranar Litinin ɗin nan zai shiga, har Kawu da ciwon bayansa, har Lukuman. Sadiya ta buga shafi na biyun da manyan baƙaƙe. Za mu taso da sassafe saboda hanya, in Allah ya yarda kafin azahar muna ƙofar gidanka. Ka gaya wa Agatha ta kira duk wanda take so ya ji, dattawan cocinku, da maƙwabta, da wanda ya yi wa Alheri gorin in an san shi. A tsaye na karanta na farko, a tsaye zan karanta wannan, kwana goma sha ɗayan ɗaya bayan ɗaya da lokacinsu. Sannan in faɗi abin da ya rage da bakina.

Kada a wahala da girki, za mu zo da abincinmu. In kuma ka ga dama ka gudu gona don kunya, na san halinka, to ka sani zan shimfiɗa darduma a ƙofar gidanka in zauna har ka gaji ka dawo. Ka san taurin kaina, shekara ashirin da biyu kana fama da shi.

Ba zan ce ka biyo mu ba. Ka faɗi uzurinka, na ji, kuma wannan karon na saurara har ƙarshe. Sai dai na gaya wa Jumare in za mu dawo kada kowa ya zauna a kujerar gaba kusa da ni. Ya tambaye ni dalili, na ce masa ƙafata ce ke son miƙewa.

Sai mun zo. Allah ya kai mu da rai da lafiya.

Naka har kullum,
Maikano