Da Hannuna Na Warware Sunan Jikana Daga Bayan Riga

Daga admin: Wata kakarmu ce ta turo saƙon murya, ta roƙa a rubuta a ɓoye sunanta. Na rubuta kamar yadda ta faɗa, sunayen ciki an canza su.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Ya'yana da jikokina na wannan zaure, ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Da tatsuniya ce da na ce muku ga ta nan ga ta nanku, ku amsa, mu yi dariya a watse. To wannan ba tatsuniya ba ce, ni ce a cikinta, da ɗana, da jikana. Don girman Allah ku saurara har ƙarshe, sannan ku ba ni shawara.

Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, iyakacina abin da zan yi salla. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Gaya, ba nisa da Balan. Garinmu yana da kulob ɗin ƙwallo, marigayi maigidana ne ya kafa shi, tun ana bugawa a gona bayan an yanke gero, kututturen kara yana fasa wa yara ƙafa. A lokacin ba mu da halin buga suna a riga irin na 'yan birni, kuma rigar ta kulob ce, in wannan ya tafi wancan zai sa. Sai marigayi ya fito da dabara, tela ya rubuta sunan kowane ɗan wasa da zare a kan farin ƙyalle, ni kuma in ɗinke shi da allura a bayan riga. Ranar da mutum zai bar kulob, shugaba zai fara zuwa har gida ya gaya masa baki da baki, sannan a kawo mini rigar in warware ƙyallen da reza, shi kuma ya zo zaure ya durƙusa, in miƙa masa sunansa a hannu in sa masa albarka. Haka muke yi shekara da shekaru, ko da hali ya samu ba a daina ba. Akwai masu furfura a garin nan da ƙyallensu yake ƙasan akwati har yau.

Da marigayi ya rasu shugabanci ya dawo hannun ɗan farina, ba na kama sunansa, Malam nake ce masa, malamin firamare ne. Ƙanin Malam kuma ya rasu ya bar mini yaro ɗaya yana rarrafe, shi ne Habu. Ni na goya shi, ni na yaye shi, a ɗakina ya girma har ya yi aure. Habu mai tsaron baya ne, shekara goma sha ɗaya yana kulob ɗin nan, shida a ciki shi ne kyaftin. Da yake ban iya karatu ba, jan zare nake ɗan cusawa a cikin wuyan rigarsa, da shi nake gane ta in na zo wanki. To bara aka sayo sababbin riguna daidai lokacin da aka yi mini aikin yanar ido, matar Malam ce ta ɗinka sunayen a madadina, ita kuwa ba ta san da zancen jan zare ba. Ku riƙe wannan, nan ne gizon ya saƙa mini abin da ya saƙa.

Bayan an gama wasannin bana, wata Laraba da hantsi, Malam ya shigo da riguna bakwai a buhu ya ce Iya a warware mana waɗannan. Na ce bakwai a tashi ɗaya, annoba aka yi? Ya ce kwamiti ne ya zauna. Na ce an je gidajensu? Ya kawar da kai ya ce ana kan zuwa. Wallahi a nan ya kamata in ajiye reza in ce karanta mini su ɗaya bayan ɗaya. Ban ce ba. Ɗan fari ne, ba mu saba doguwar magana da shi ba, ya fita na bi shi da Allah Ya yi albarka.

Na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, na zauna ina warwara a hankali don kada in yanka riga, na jera ƙyallaye bakwai a gabana. Sai ga Habu ya dawo daga gona da ɗanyar gyaɗa a hularsa ya kawo mini. Wasan jika da kaka muke yi, amarya yake ce mini ni kuma in ce masa ango. Ya leƙo ya ce, "Amarya, yau kuma su wa kika sallama, ko mijinki bai sani ba?" Ni kuma bakina ya ja mini, na ce, "Tsofaffi irinka mana, masu gwiwa tana ƙara kamar ƙyauren ɗakina." Ya yi dariya, na yi dariya. Ya sunkuya ya ɗauki ƙyalle ɗaya, sai na ga dariyar ta tsaya masa a fuska. Ya daɗe yana kallonsa. Na ce ango na wa ne? Ya mayar da shi inda ya ɗauka, ya juye mini gyaɗar a faifai, ya sa hularsa ya fita. Sai da na kira matarsa Rabi ta duba, ta dafe ƙirji ta ce Iya ai sunan Habu ne.

'Ya'yana, na binne miji na binne ɗa, amma ban taɓa jin hannuna ya yi mini nauyi irin na ranar nan ba.

Na aika aka kira Malam, ranar na ajiye kunyar ɗan fari na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba. Ya zauna a ƙasa bai ɗaga kai ba har na gama, sannan ya yi mini bayani, kuma don kada in zalunce shi zan faɗa muku yadda ya faɗa. Ya ce kulob ya tsufa, shekara uku suna can ƙasa, yaran garin masu ƙafa suna gudu wasu garuruwa saboda manya sun tare gurbi. Ya ce kwamiti ya yanke a rushe a sake gini, a ɗauko yara 'yan sakandare a haƙura da shan kashi shekara biyu ko uku har su nuna. Ya ce takardar da manyan suka sa wa hannu wa'adinta ya cika, ba za a sabunta ba, yanzu kowannensu ɗan kansa ne, duk kulob ɗin da ya so shi ya ɗauka ba sai ya tambayi kowa ba, wai firi ejan ake ce musu. Ya ce in ya sallami 'ya'yan mutane shida ya bar ɗan ƙaninsa, da wane ido zai kalli iyayensu a masallaci? Na ce na ji wannan, amma me ya hana ka zuwa ka gaya masa kamar yadda ubanka yake yi? Sai ya ce sau uku yana zuwa ƙofar ɗakin Habu yana juyawa, in ya kalle shi fuskar ƙaninsa yake gani. Ya ce ya bari ne sai Juma'a, bai zaci yaron zai tarar da ni ina aikin ba. Nan shi ma ya share ido da bakin rigarsa.

An yi wa Habu tayin ya zama mataimakin koci, ya ƙi. Ya ce a gaya wa Baffa shi da sauran shekara biyu a ƙafarsa, bai kai lokacin riƙe wa yara jarkar ruwa ba. Wannan tsakaninsu ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yaron nan ya ɗauka na sani. Maganar da na yi ta tsofaffi irinka ita ce ta tsaya masa a maƙogwaro. Na rantse wa Rabi, na rantse wa limaminmu ya je ya same shi, amsar da Habu ya bayar ita ce bai ce Iya ta yi ƙarya ba, amma hannun da ya shekara goma sha ɗaya yana wanke rigarsa a ce bai gane ta ba, abin da wuyar haɗiya. Tun daga ranar ya daina shigowa shan furar da nake dama masa. Zai tsaya a bakin zaure ya ce Iya ina kwana, Iya ina wuni, ya wuce. Amaryar nan da yake kirana tun bai iya magana sosai ba, ban sake jin ta ba.

Ana haka sai mutanen wani kulob daga wajen Gafasa, ƙasar Ajingi, suka zo nemansa. Wanda bai san mu ba ba zai gane ba, mu da su abokan hamayya ne tun zamanin marigayi, in za a buga da su har mata sukan hau katanga, kuma wanda aka ci sai ya yi wata bai ji daɗin cin kasuwa ba saboda tsiya. Habu ya sa musu hannu. Samarin garinmu suka fara ce masa ɗan Gafasa in ya wuce, waɗanda jiya suke ɗaga shi a kafaɗa.

Su can da inji ake buga musu suna a Kano. Aka ce ya kawo rigarsa a buga, ya ce shi ba a buga masa suna, kakarsa ce take ɗinka masa. Shekaranjiya da la'asar Rabi ta shigo da koriyar riga a leda, bayanta fayau babu komai, ta durƙusa tana kuka ta isar da saƙon Habu. Ya ce ƙyallensa yana wajena tunda bai karɓa ba. In na ɗinka masa shi a wannan rigar, ya yarda ban sani ba, komai ya wuce. In na mayar da ita haka, ya gane, ba zai sake damuna ba.

Kafin magariba labari ya kai wa Malam. Bai ɗaga mini murya ba, bai taɓa ba. Cewa ya yi Iya, ƙyallen nan na kulob ɗin Baba ne, bai taɓa hawa rigar wani gari ba, balle ta Gafasa. Ya ce 'yan kwamiti sun riga sun fara gunaguni, in na ɗinka za su kwashe riguna daga hannuna su kai wa mai inji, shi kuma ba zai iya ci gaba da shugabanci ba, aikin da Baba ya kafa zai bar gidan nan gaba ɗaya. Ya ajiye mini sababbin ƙyallaye bakwai na yaran da aka ɗauka, ya ce su ma 'ya'yan mutane ne, suna jiran albarkata. Kuma ƙuri'ar gasa ta faɗa, nan da kwana goma mu da Gafasa za a buga, a filinmu.

Bari in gaya muku inda kowa ya kwana, don ku auna da kyau. Cikin shidan da aka sallama tare da shi, mai tsaron gida ya zo ya karɓi ƙyallensa, ya durƙusa na sa masa albarka muna kuka mu biyu, yanzu kayan miya yake kaiwa Kano. Ɗaya ya samu kulob a Kademi, yana bugawa ba mai zaginsa. Ɗaya ya karɓi aikin mataimakin kocin da Habu ya ƙi. Uku ba su zo ba, ƙyallensu yana nan, ɗayansu ma uwarsa ta daina gaishe ni a gidan suna. Malam ya rame, yaransa an ci su a wasannin gwaji, in ya fito ana yi masa ihu, shi kuma ya ce dama ya faɗa sai an yi haƙuri. Rabi tana tsakiya, ciki gare ta wata bakwai. Habu kuwa kullum bayan azahar zai hau babur ya tafi Gafasa atisaye, in ya zo daidai ƙofata sai in ji ya rage wuta, sai kuma in ji ya ƙara ya wuce.

Ni kuma ga ni. Na sa Rabi ta nuna mini sunansa harafi harafi, ina bin zaren da ɗan yatsa har na haddace siffarsa. Da tsufana, shi ne rubutu ɗaya tak da na iya karantawa a duniya, kuma sai da na cire shi na koya.

To 'ya'yana ku gaya mini gaskiya, kada ku ji nauyin furfurata. In ɗinka masa, in tozarta ɗan farina a gaban gari, in kashe al'adar mijina da hannuna? Ko in mayar da rigar fayau, in rasa marayan da na goya? Akwai wata hanya ta uku da tsohuwar ƙwaƙwalwata ta kasa gani? Masu ilimin ƙwallo a cikinku, da gaske haka ake gina kulob, sai an fara da rushe na gida? Koriyar rigar tana kan cinyata yanzu da nake wannan magana, ƙyallen yana hannuna, na ma riga na zura jan zare a allura. Ban soka ba. Ku nake jira.