Littafin Kokawa da Aka Aika wa Edna

Nok, 16 ga Afrilu, 1972

Yaya Silvanus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya aikin reluwe, yaya Mama Paulina da yara? Mu nan an fara ruwa, muna shirin shuka citta.

Yaya, ba labari mai daɗi na kawo ba. Ciwon ƙanenka Rufus ya sake tashi. Ka san tun da ya dawo daga yaƙi, in ya ji ƙara mai ƙarfi sai hankalinsa ya bar jikinsa, ya cafke duk wanda ke kusa. Ranar Alhamis da rana aka yi tsawa muna tsakar gida, ya shaƙe ni. Sai da maza huɗu suka ɓamɓare shi, suka goce masa kafaɗa, suka ɗaure shi a jikin turken rumbu. Da ya dawo hayyacinsa ya ga wuyana, kuka ya yi kamar yaro.

Yanzu dattawa sun ce a sa masa mari a ƙafa. Iyayena kuma sun aiko daga Zonkwa in koma gida. Duka biyun ban yarda ba. Mijina ba mugu ba ne, abin minti kaɗan yake yi ya wuce.

Da muka zo Kirsimeti na ga wani littafi a gidanka, mai hotunan mutane cikin fararen kaya, ƙaramin yana kayar da babban. Ka ce wani Bature injiniya ne ya bar maka. Don Allah ka aiko mini da shi.

Matarku,
Edna

Kafanchan, 24 ga Afrilu, 1972

Zuwa ga matarmu Edna,

Bayan gaisuwa da fatan alherin Ubangiji, na sami wasiƙarki, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Ga littafin na ba direban motar Kwoi. Sunan abin judo, kokawar mutanen Japan ce. Amma wajibi ne in faɗa miki gaskiya a matsayina na babba. Shekara shida littafin nan yana hannuna ban koyi komai a ciki ba, domin ba a koyon kokawa a takarda. Rufus ya ninka ki nauyi, kuma soja ne. Ina tsoron ki sa kanki cikin hatsari saboda hotuna.

Shawarata ita ce a kawo shi, mu kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Kaduna. Na san ya rantse ba zai sake shiga asibiti ba, to a ci gaba da lallashinsa. Duk da haka na rubuta miki Hausar wuraren da Turancinsu ya yi tsauri, da fensir, a gefen shafi.

Ki gaishe da Baba.

Yayanku,
Silvanus Kumai
Akawun tasha

Nok, 11 ga Yuni, 1972

Yaya Silvanus,

Gaisuwa mai yawa. Ka yi haƙuri da shiruna, aikin gona ne da aikin littafinka.

Da ƙanwarku Afiniki nake koyo, ka san girman jikinta. In mun taso daga gona sai mu baza ciyawar rufe citta a bayan rumbu, mu danne littafin da dutse. Sati biyun farko ba abin da na samu sai ciwon baya da dariyar Afiniki. Ashe ni ce nake ja da ƙarfi, littafin kuwa cewa ya yi kada a ja. In an riƙe maka hannu, ka murɗa shi ta wajen babban yatsan mai riƙon, nan ne ƙofa. Ranar da na gane wannan, hannuna ya fita daga nata kamar na shafa sabulu. Ta ce, "Kai! Sake mu gani." Sau goma muka sake.

Mun koyi na shaƙa: ka sunkuyar da haɓa, ka ɗaga hannu ɗaya sama, ka juya da dukan jikinka. Mun koyi na wanda ya rungumo ka ta baya: ka saki nauyinka ƙasa, ka tura ƙugu, ya wuce ta kanka. Wanda na fi so shi ne na shafi na arba'in da ɗaya, yadda ake riƙe mutum a ƙasa ba a ji masa ciwo ba. Wanda ya rubuta littafin nan mutumin kirki ne, Yaya. Kowane shafi sai ya ce a kula da wuyan abokin kokawa.

Baba yana zama a gindin mangwaro wai yana gyaran fartanya. Ya ce shi da ya kayar da ƙauyuka bakwai a samartakarsa bai taɓa jin an yi kokawa da takarda ba. Amma jiya na ji ya daka tsawa, "Ke, buɗe ƙafa! Ba ki ga mutumin hoton ba?"

Ga babban labarin. Mun ɓoye wa Rufus, sai ran Talata ya zagayo ya same mu. Ya ɗauki littafin, ya daɗe yana juya shafi. Na ɗauka zai ji kunya ko ya yi fushi. Sai ya ce, "Afiniki ba ta san yadda nake kamu ba. Ni za ki riƙe, to da ni za ki koya." Ya cire riga ya tsaya kan ciyawar. Ya nuna mini yadda aka koya musu shaƙa a bariki, da inda yake sa ƙafarsa, da kafaɗar da ba ta da ƙarfi. Ya ce, "In ranar ta zo, kada ki tausaya mini."

Kullum yanzu sai na kayar da mijina sau ashirin kafin in ɗora tuwo. Ka yi mana addu'a.

Matarku,
Edna

Nok, 20 ga Agusta, 1972

Ɗana Silvanus,

Ni ne ubanka Kumai nake magana, Malam Andrawus mai bishara yake rubutawa. Ina gaishe ka da iyalinka. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara.

Ranar kasuwar Kwoi mun je mu uku, ni da Rufus da matarsa. Rana tsaka tayar wata babbar mota ta fashe kusa da masu gishiri. Ina duba idon ƙanenka na san ya tafi. Wata tsohuwa mai daddawa ce kusa da shi, ya miƙa hannu zai kama ta. Yarinyar nan Edna ta ajiye kwandonta, ta shiga tsakaninsu, ta ba shi wuyanta da kanta.

Silvanus, na yi kokawa shekara ashirin, na ga manyan maza. Ban taɓa ganin abu mai tsabta irin wannan ba. Ya shaƙe ta, ta juya, sai ga hannunsa a banza. Ya rungumo ta ta baya, ta durƙusa kaɗan, sai ga ƙafafun soja a sama. Kuma ba ta sake shi ya faɗi ba, ta riƙe hannunsa har ƙasa don kada kansa ya bugu. Ta kwanta a ƙirjinsa, hannunsa a hammatarta, ƙafafunta a buɗe. Ya yi ta banƙara, in ya juya nan ta bi shi, in ya juya can ta bi shi. Bakinta a kunnensa tana cewa, "Rufus, Kwoi ne nan. Kasuwa ce. Edna ce."

Mutane suka taru, wasu da igiya, wani da sanda. Na tsaya a gabansu na ce duk wanda ya matso da ni zai yi. Ba a daɗe ba jikinsa ya saki. Na ji ya ce, "Na taɓa wani?" Ta ce, "Ba ka taɓa kowa ba." Ta tashi, ta kakkaɓe masa riga, ta gyara ɗankwalinta, ta ɗauki kwandonta, muka je muka sayi gishirinmu.

Na gaya wa dattawa maganar mari ta mutu. Na kuma aika Zonkwa na ce wa iyayenta ba 'yarsu kaɗai ba ce yanzu. Da na raina littafin nan, na janye. Wanda ya yi shi ya san kokawa, amma ba a cikinsa ta samo zuciyar ba.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Ubanka,
Kumai

Kafanchan, 28 ga Agusta, 1972

Zuwa ga Edna,

Gaisuwa da girmamawa. Kafin wasiƙar Baba ta iso, labarin ya riga ta zuwa tasha. Wani fasinja ya ba ni shi, ya ce macen doguwa ce ƙatuwa. Na ce masa ko kafaɗata ba ta kai ba, kuma matar ƙanena ce. Ban taɓa faɗin wata magana da alfahari haka ba.

Na ce miki ba a koyon kokawa a takarda. Na yi kuskure, ki yafe mini. Na karanta wa Paulina wasiƙar Baba sau biyu, na biyun ban iya kaiwa ƙarshe ba. Littafin ya zama naki.

Abu ɗaya ya rage a raina. Kin iya riƙe Rufus, amma ciwon yana nan. Ba zan matsa kan maganar likita ba, ku kuka san lokacin.

Yayanki,
Silvanus

Nok, 15 ga Oktoba, 1972

Yaya,

Gaisuwa. Ni ne Rufus. Ka san ban iya doguwar wasiƙa ba.

Edna tana da ciki, wata biyu. Jiya ta shimfiɗa ciyawa kamar kullum, na ce a'a. Ta yi nata, saura nawa.

Na yarda zan ga likitan. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Za mu iso Kafanchan ran Talata da motar safe, ni da Afiniki. Edna ta so ta biyo mu, Baba ya hana, ta yi fushi da mu duka.

Ka nema mana wuri a jirgin Kaduna, nesa da inji.

Ƙanenka,
Rufus