Awon da Ke Jikin Bango

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta ce ranar Asabar mai fenti zai zo. Na san na bar mata shagon ɗinkin, nata ne yanzu, amma bangon fa? Shekara arba'in da biyu ina rubuta awon mutane a jikinsa da fensir. Ban taɓa sa suna ba, sai laƙabi: Dogon malami, Mai tumbi, 'Yan biyu. Ita kuwa komai a waya take ajiyewa. Wai bangon yana korar mata masu kawo ɗinki. Ji min yarinya.

Laraba, 5 ga Maris

Na wuni ina karanta bango. Mai tumbi ya faro da ƙugu talatin da biyu, na yi ta sokewa ina ƙarawa har arba'in da shida. Rabin mutanen nan sun riga mu gidan gaskiya.

A ƙasan taga akwai "Mai koren mayafi". Ranar da ta fara shigowa ta miƙo tsohuwar rigarta na auna, ta ce in na ɓata mata yadi kada in ƙara gaishe ta. Shekara na zagayowa na aure ta. Yau shekara uku da rasuwarta. Wannan rubutun kaɗai nake jin tsoro a shafe.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ce wa Auta ta bar min wurin mahaifiyarta. Ta ce, "Baba, na san wurin, kwantar da hankalinka." Na so in nuna mata da yatsa, kunya ta hana ni.

Asabar, 8 ga Maris

Ban je shagon ba. Na ce ƙafa ce ke damuna.

Litinin, 10 ga Maris

Bango fari fat. Auta ta ja hannuna zuwa bayan keken ɗinki, tana ta murmushi. Ta bar wani ɗan wuri kamar tafin hannu, har ta sa an kewaye shi da katako da gilashi. Na sa tabarau na duba: "Mai faɗa".

"Ai kullum haka kake kiran Mama," in ji ta.

Haka ne, da baki. Amma wannan Mai faɗar wata mata ce mai sayar da kwanuka, wadda ba ta taɓa karɓar ɗinki ba sai mun yi cacar baki a kan kalmasa. Na waiwaya ƙasan taga. Babu komai.

Na ce Allah ya yi mata albarka. Zuciyata ta yi zafi ƙwarai, kuma laifina ne.

Juma'a, 14 ga Maris

Na tarar da Auta tsaye gaban gilashin tana shafa shi da gefen mayafinta. Ta ce, "Baba, ashe Mama ta taɓa yin ƙiba haka?" Na ce sosai ma, lokacin da take da cikinki. Ta yi dariya har da hawaye.

Awon Mai koren mayafi kuwa: kafaɗa sha huɗu, hannu ashirin da biyu, tsawo hamsin da ɗaya. Ashe suna kaina, ba a bango suke ba.

Shagon ya ƙara haske, ba laifi. Yau gwaji ɗaya na yi na zura zare a allura. Ban gaya mata wannan ba, zancen Mai faɗa ma ba zan gaya mata ba.