Igiyar Gishirin Malam Barmo

Illela, daren Talata, watan Rajab

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa. Bara a zaurena Malam Barmo ya ƙulla cinikin gishiri da Agali Buzu, ni ne shaida. Sharaɗin shi ne wanda muka gada: kaya suna wuyan mai sayarwa tun daga Agadas har sai mai saye ya kwance igiya da hannunsa. Daga nan riba da asara nasa ne.

Yau da hantsi Barmo ya tarbi ayarin a Kalmalo. Taguwar Agali, raƙumar da ke ɗauke da gishirin, ta zame a bakin tafki, kaya suka danne ta cikin laka. Barmo bai tsaya tunani ba, ya shiga ya kwance igiyar. Taguwa ta miƙe, gishiri ya narke a ruwa.

Suka zo gabana a jiƙe. Na ce, "Malam Barmo, hannun wa ya kwance?"

Ya ce, "Nawa. Mi kaka so in yi, in tsaya kallo dabba ta mace cikin laka?"

Na ce asarar tasa ce. Na yi ta juya maganar a raina, ban ga inda na kauce ba, amma ban iya kallon idonsa ba.

Bayan la'asar Agali ya dawo shi kaɗai. Ya ce, "Maigida, taguwar nan tana da ciki. Abin da ta haifa na Barmo ne, ka shaida."

Na ce, "To in ɗan ya mutu a hanya, asarar wa?"

Ya yi dariya ya ce, "Tawa, har sai Barmo ya kama igiya."