Babu sunan Illo a takardar Maradi

Madarunfa, 14 ga Fabrairu, 1977

Zuwa ga Yayana Mamman, a Arlit.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku a wannan ƙasa mai nisa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna Ɗelu ta yi sauƙi har ta koma zuwa kasuwa, ko da yake ta ce maganin da ka aiko ɗaci kawai ya yi mata, addu'arta ce ta yi aiki. Gero ya yi dama-dama bana, wake ne tsutsa ta ɓata.

Ka tambayi labarin ekip ɗin ƙwallon kwando da ka kafa ka bar mini. Ka san tun shekarar fari da yunwa ta watse. Bakwai sun tsallaka Najeriya cin rani ba su dawo ba, wasu sun shiga soja, ɗanka Illo kaɗai ya rage. Bara na sa maƙeri ya lanƙwasa mana sababbin zobba biyu, masuntan bakin tabki suka saƙa raga, muka sake daɓe filin bayan lakwal, makarantar boko. Na tsinto yara goma cikin 'yan lakwal, yawancinsu 'yan garuruwan Safo da Gabi, shekara sha biyar zuwa sha bakwai. Tsayi akwai, gudu akwai. Wani Hassan ɗan Safo, wanda da farko yake rungume ƙwallo ya ruga da ita kamar ya saci kaza, yanzu cikin jifa goma yana saka bakwai.

Amma duk wasan da muka yi sai a ci mu, kuma na daɗe ban gane dalili ba. Illo shekararsa ashirin da huɗu, ya girme su duka, Yaya suke ce masa. Duk wanda ƙwallo ta zo hannunsa, ko da kwando na gabansa babu mai tsaro, sai ya waiga ya nemi Illo ya miƙa masa, ko mutum uku sun kewaye shi. Na tambayi Hassan, ya sunkuyar da kai ya ce ai bai kyautu ya jefa ba alhali babba na tsaye. A wajen horo ma babu mai ƙwace ƙwallo daga hannun Illo, har hanya suke ba shi. Na yi faɗa, na sa su zagaye fili har suka gaji. Illo da kansa ya daka musu tsawa su riƙa jefawa. Sai suka koma jefawa in ya ce, su jira in bai ce ba.

Watan jiya Illo ya tafi garin Ɗan Issa ta'aziyya, ya yi sati guda. A bayansa muka kara da ekip ɗin malamai, wadda ba mu taɓa ci ba, yaran nan suka lallasa su da tazarar goma sha biyu. Da ya dawo na zaunar da shi a benci in ga ko haka zai yi. Bai yi ba. Kafin kowane jifa sai sun kalli benci.

Ƙarshen watan nan za a yi gasar samari a Maradi, inda ake zaɓen masu zuwa Yamai. Sunaye goma aka nema. Na rubuta goma babu Illo, takardar kuma ta tafi. Laifi babu a wajensa. Shi ya riƙa share filin nan shekara uku lokacin da babu mai zuwa sai awaki, gasar nan yake jira, kuma a shekarunsa da wuya wata ta sake zuwa masa. Duk na san wannan, kuma abin yana cina.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kira shi na gaya masa. Abu ɗaya ya tambaya, ko babansa ya sani. Na ce ka sani, ka kuma yarda. Ƙarya na yi, Yaya. Shekara shida kawai na ba shi, na san in na ce ra'ayina ne zai ja da ni, shi ya sa na ari bakinka. Da jin haka ya tuɓe rigar ekip, ya ninke ta ya miƙo mini, ya ce tunda Baba ya faɗa shi ke nan. Jiya matarsa Safiya ta gaya mini ya rubuta maka takarda yana tambayar me ya yi maka. Ina jin tasa za ta riga tawa isowa.

Inna Ɗelu na gaishe ka, matata Barira na gaida matarka Maimuna da yara, a shafa mini kan Bilkisu. Amsar da za ka ba Illo tana hannunka. In ka ce masa ba ka sani ba, ba zan musa ba, zan tsaya gabansa in amsa. Amma takardar Maradi ba zan karɓo ta ba, ko kai ka ce.

Ƙanenka,
Usman