Kawu Sabo Ya Zo Neman Laifin Ɗaki

Ƙofar Galadima, Zariya
Litinin

Yaya Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Salma da yara. Yaya sanyin Jos? Inna tana sa maka albarka.

Na rubuto ne don a waya ba ka bari in kai aya. Ka tuna dokoki biyun da ka kafa a masaukinka kafin ka bar min riƙonsa: wanda ya fasa ɗaki ranar shigarsa ba a mayar masa da kuɗi, wanda kuwa ya kwana bai gamsu ba a mayar masa. To, sun haɗa ni da Kawu Sabo.

Kawu ya kama ɗakunan kaf saboda surukansa da za su zo suna daga Ilorin. Na yi ta sallamar baƙi dominsa. Ranar Juma'a sai Malam Babba, baffansu Inna, ya ji labari, ya ce a ina aka taɓa kai baƙo otal alhali gidan gado yana tsaye a cikin Birni? Ya sa aka taro su a tasha aka wuce da su gida. Ɗakuna suka kwana wayam.

Jiya Kawu ya zo karɓar kuɗinsa. Na nuna masa dokar fasawa, ya tsallake ta, ya dangwala yatsa kan ɗayar, wai shi bai gamsu ba. Mutumin da ko matashin kai bai taɓa ba! Na ce alƙawarin na wanda ya kwana ne. Ya ce au, yau ɗiyar ƙanwarsa ce ke karanta masa doka? Ya ce in ban biya ba, ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidanmu ba har abada.

In na biya, albashin ma'aikata ya tafi, gobe kuma dangi su jero layi. In na hana, na raba Inna da shaƙiƙinta ɗaya da ya rage. Tun jiya take kuka a ɓoye. Wallahi tsoro nake ji, Yaya.

Ƙanwarka,
Ummukulsum

Alhamis

Yaya Zaharaddini,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Albishirinka! Kada ka taso, Allah ya raba mu da abin kunya.

Kawu ya ce tunda sai an kwana, to zai kwana. Ya zo ranar Talata da butarsa da dardumarsa, har da tocila ta neman kuɗin cizo. Ya ɗaga katifa, ya murɗa famfo, ya kunna fanka ya kashe, ya shinshina zanin gado. Na koma gida ina ta addu'a, don na san ko ƙuda ya gifta sai ya zama hujja.

Da safe shiru. Hantsi ya dubi ludayi, shiru. Har na fara salati, na sa aka buga ƙofa. Sai ga Kawu ya fito yana murza ido, hula a karkace. Mutumin da tun yana saurayi liman bai taɓa riga shi masallaci ba, asuba ta wuce shi yana minshari!

Ya ce katifar nan makira ce. Na sunkuyar da kai na tambaye shi ko in rubuta bai gamsu ba. Sai ya ce wanda ya makara sallah ba zai ɗora ƙarya a kai ba. Ya ce in bar kuɗin, doka ta yi gaskiya.

Na yi abu ɗaya ban shawarce ka ba, ka yafe ni. Na ce duk lokacin da ɗaki yake babu kowa, ya zo ya fanshe kwanakinsa. Ya yarda, da sharaɗin a riƙa buga masa ƙofa tun kiran farko.

Yaya, ji nake kamar an sauke min buhun masara daga ka. Ina rubutun nan ina jiyo su a tsakar gida, shi da Inna, suna musu kan wanda ya fi wani nauyin barci tun suna yara. Dariyar Inna ce ta fi ƙarfi.

Ka gaida mutanen gida. Allah ya bar zumunci.

Taka har kullum,
Ummukulsum