Diddigen Safar Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya maigidan, ya yara, ya aiki? Mu nan sai godiyar Allah. Na kira ki har na gaji da jin "Yaya zan kira ki anjima", shi ya sa na koma biro da takarda. Ko ba komai takarda ba a katse ta.

Maganar ƙafar Baba ce. Kin san ciwon suga ya kashe masa ji a ƙafa, yanzu ko ƙusa ya taka ba zai sani ba. Likita ya hana shi safar kasuwa, ya ce robarta na shaƙe ƙwauri, ɗinkinta na goge fata, kuma a irin ƙafarsa ƙaramin ciwo ma yana iya kai mu ga yanka. Tun rasuwar Mama waɗanda ta saƙa masa yake sawa, to duk sun mutu a diddige. Na yi musu faci, likita ya ce facin ya fi hudar sharri.

Na jawo kwandon Mama daga ƙarƙashin gado, da alluranta da sauran ulu mai ruwan toka. Ƙwauri dai na saƙa, wannan ko ido rufe a yi shi. Da na iso diddige sai na tsaya cak. Ke ta koya wa juya diddige. Ni tun ranar farko ta ce kallon hannuna yana sa ta jiri, in tashi in duba tukunya. Ki daure ki zo ko ƙarshen mako ne ki yi masa, in zuwan ya gagara ki saƙa ki aiko.

Baba na gaishe ki. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ya ce in leƙa.

Yayarki

Yayata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Na samu saƙonki, ina fatan Baba ya ƙara jin sauƙi, ke kuma Allah ya saka miki da alheri. Zuwa yanzu gaskiya ba zai yiwu ba, a ofis an sa ni gaba, yara kuma suna jarrabawa. Saƙa kuwa rabona da ita tun ina amarya. Amma Yaya abin ba shi da wuya, ke ce komai sai kin ɗauke shi da zafi.

Ga yadda ake yi. Ki raba idanun saƙar, wato madaukan zaren da ke kan allura, gida biyu, rabi ki bar su a kan allura su huta, a ɗaya rabin za ki yi diddige. Ki riƙa zuwa kina dawowa, duk ƙarshen layi ki bar ido ɗaya ba ki saƙa ba, ki juya. Haka za ki yi ta yi har ki ga ya lanƙwasa kamar bakin ludayi. Daga nan sai ki fara kwashe waɗanda kika bari, ɗaya bayan ɗaya. A nan sirrin Mama yake: duk idon da za ki kwasa, ki soka allura ta dama, ki zagayo da zaren ta ƙasa, ki haɗa shi da na kusa da shi. Kada ki ja da ƙarfi. In kin yi haka ba huda ba tudu.

Ki ce wa Baba Autarsa na nan tafe da zarar an yi hutu. Na gaishe ki sosai.

Ƙanwarki

Auta,

Salam. A kan bencin asibiti nake rubuta miki, ki yi haƙuri da rubutun.

Na bi takardarki layi-layi. Kin ce ta dama, na soka ta dama. Ta waje diddigen ya fito sumul, har sai da na yi hawaye don daɗi. Baba ya sa, ya yi ta shafawa yana cewa hannun Mama ya dawo gidan. Ya ƙi cirewa, da su yake yini, da su yake kwana, har maƙwabta sai da ya ɗaga musu wando suka gani. Ranar da na lallashe shi zan wanke, ta hagu ta ƙi fita. Ta manne da nama.

Da na juya cikinta sai ga layi biyu masu tauri kamar igiya, daidai inda yake takawa. Na ɗauko tsohuwar ta Mama na kwatanta, na ga duk idon da na kwasa a murɗe yake. Auta, ni bahaguwa ce. Daga hagu nake saƙa, damarki ita ce haguna. Ɗaki ɗaya muka tashi, kin sha ƙyalƙyala dariya ana buge min hannu a kwano, amma kika zauna kika rubuta min dama kamar kina rubuta wa baƙuwa. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Kada ki tambaye ni me ya hana in shafa cikinta kafin ya sa. Tambayar nan ita nake ci, ita nake sha.

Ƙafar dama ja kawai ta yi, ta warke. Ta hagu gyambo ne har ya fara wari. Likita ya ce za su gwada magani, in ya ƙi ji, kin san sauran. Ki zo. Ba don ni ba.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa tare da fatan alheri, Allah ya ba Baba lafiya. Tun da na karanta takardarki ban ci abincin kirki ba.

Amma haba Yaya, ki ji tsoron Allah. Ni na manta, na yarda. Ke da hannun yake jikinki fa, kin manta da shi ne? Kullum sai kin nuna ke kaɗai ce 'ya, ni kuwa bare. Koyarwar da kike ƙullace da ita ma ba gata ba ce, kina waje kina wasa ni ina zaune Mama na sa ni ina warware layi ina sakewa har yatsuna su sage.

Na sayi ulu mai laushi, na ɓoye allura a durowar ofis, duk lokacin cin abinci ina saƙawa. Ga su nan guda biyu na ba direban motar haya. Hutu ya kusa, in Allah ya yarda ina tafe. Ki gwada masa ki gaya min ko sun yi. Ki yafe min in na faɗi abin da ya ɓata miki rai.

Ƙanwarki

Auta,

Salam. Safa ta iso, an gode. Na juya na shafa, ba tudu ko ɗaya, hannun Mama sak. Ta dama ta yi masa daidai.

Ta hagu ga ta nan na dawo miki da ita. An yi aikin tun kafin direba ya iso, daga ƙasan gwiwa. Baba ya ce kada in gaya miki, wai kina da aiki, kada hankalinki ya tashi.

Nan gaba ɗaya za ki riƙa saƙawa. Aikin ya ragu.

Ki gaida yara.

Yayarki